Kwana a tanti da iyali: gandun dajin jiha ko ƙungurmin daji?

Baban Yara ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin wannan harka. Shekarata ta shida ke nan a birnin New York, amma in ban da hanyar wurin aiki da masallaci da gidajen 'yan'uwa, ba zan ce na san jihar da nake zaune a cikinta ba. Yarana uku ne, babban yana da shekara 12, mai bi masa 9, autar kuma 5, kuma tun kafin a shiga dogon hutu suka tasa ni gaba da maganar kwana a tanti, saboda abokansu na makaranta kullum da labarin da suke dawowa da shi.

Ana cikin haka wani abokin aikina, wanda ya daɗe yana yawon duwatsu, ya ce in zo mu je yankin Adirondak a watan Agusta, mu hau dutsen Marcy, mu kwana biyu a daji. Ya ce mota ba ta shiga wurin, kowa zai goya kayan kwanansa da abincinsa a baya, kuma idan ina so in taho da yaran. Ni dai abin ya ba ni sha'awa, amma uwargida ta ce ba da 'ya'yanta ba.

Da na shiga bincike sai na ƙara rikicewa. Wani wurin ina ganin hoton tanti a gefen mota, ga famfo, ga banɗaki, ga tebur, yara suna wasa da keke. Wani wurin kuma ana maganar takardar izini da dabbar beyar da tace ruwan rafi, alhali duka biyun gandun daji ake kiran su. Shin mene ne ainihin bambancin gandun dajin da jiha take kula da shi da wanda suke kira ƙungurmin daji? Wanne ya dace da mutumin da bai taɓa kwana a tanti ba, ga kuma yara ƙanana? Sannan wane kaya ne ya zama dole in saya, domin na leƙa shagon kayan tafiya sau ɗaya, na ga idan na biye wa mai shagon albashin wata ba zai ishe ni ba. Allah Ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Tsohon Matafiyi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Baban Yara. Zan fara da abin da ba za ka so ji ba: uwargida ta fi ka gaskiya. Ba ina nufin abokinka yana da mugun nufi ba, sai dai wanda ya saba da abu yakan manta yadda farkonsa yake.

Dutsen Marcy shi ne mafi tsawo a jihar New York, ƙafa 5,344, kuma ta hanyar da aka fi bi, zuwa da dawowa kusan mil 15 ne, hawan da ke ciki ya haura ƙafa 3,000. Masu tattaki suna da wani tsohon lissafi da wani ɗan Sikotland mai suna William Naismith ya fitar a 1892: a ba kowane mil uku awa ɗaya, sannan a ƙara awa ɗaya a kan kowace ƙafa 2,000 ta hawa. Idan ka buga za ka samu awa shida da rabi, kuma wannan na ƙaƙƙarfan mutum ne wanda bai tsaya hutu ba, bai ci abinci ba, bai ɗauki kaya mai nauyi ba. A aikace yini guda ne cur, a kan duwatsu masu santsi da saiwoyi da taɓo. Yarinya 'yar shekara 5 ba za ta yi rubu'insa ba, kuma daga inda ta gaji kai ne abin hawanta, ga jakarka a baya.

Game da bambancin da ka tambaya kuwa, abin da ka gani a hoton farko shi ne sansanin da aka gina a gandun dajin jiha. Kowace jiha tana da hukumar da take kula da nata, da kuɗin shigarta da dokokinta, kuma abin ya daɗe, domin na Niagara tun 1885 aka kafa shi. A irin wannan sansani kana shiga da motarka har bakin filinka mai lamba, ka tarar da tebur da wurin hura wuta, famfo da banɗaki ba su da nisa, wasu ma har da wurin wanka da ruwan zafi, kuma akwai ma'aikata da suke zagayawa. Idan ruwa ya ɓarke da tsakar dare ko yaro ya yi zazzaɓi, mota tana taku biyar daga gare ka. Wannan shi ne babban abin da kake saya da kuɗin kwanan, ba famfon ba.

Ƙungurmin daji kuwa suna ne na doka, ba kwatance ba ne kawai. A ranar 3 ga Satumba 1964 Shugaban Amurka Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta keɓe wasu filayen gwamnatin tarayya, aka ce a bar su yadda Allah Ya halicce su. An fara da eka miliyan 9.1, yanzu sun haura eka miliyan 111 a wurare fiye da 800. A cikinsu ba a gina hanyar mota, ba a yin gini, ba a shiga da inji, kai ko keke ba a yarda da shi ba. Idan itace ya faɗi ya tare hanya, da zarton hannu ma'aikata sukan yanke shi. Ma'anar wannan a wurinka ita ce, babu famfo, babu banɗaki a mafi yawan wurare, babu kwandon shara, sabis na waya kuma sai an yi sa'a. Wanda ya yi targaɗe a mil na bakwai zai iya shafe awanni kafin labari ma ya isa ga masu ceto, sannan su taho a ƙafa kamar yadda ya je.

Shawarata ita ce ku fara da kwana biyu a sansanin da mota take shiga. Gandun Harriman bai wuce tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna daga birni ba, yana da tafkuna da hanyoyin tattaki da suka haura mil 200, daga mai sauƙi har mai wuya, kuma a can ne da gandun Bear Mountain da ke maƙwabtaka da shi aka buɗe sashen farko na doguwar hanyar tattaki ta Appalachian a 1923, wadda yanzu ta ratsa jihohi 14. Yaranka za su iya taka mil ɗaya a kanta, su ga farin fentin da aka shafa a jikin itatuwa don nuna hanya, su koma makaranta da labarin da ya fi na abokansu. Idan kana son wuri mai ɗan nisa da iska mai sanyi, akwai sansanin North-South Lake a duwatsun Katskil.

Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. Sansanonin jihar New York ana iya kama wuri a cikinsu ta intanet tun wata tara kafin ranar, kuma Juma'a da Asabar na Yuli da Agusta su ne suke fara ƙarewa. Idan za ka iya karɓar hutu daga Litinin zuwa Laraba, wuri ya fi samuwa, hayaniya kuma ta fi ƙaranci. Wani abin da yake ruɗin baƙi shi ne katin shekara na gandayen tarayya: ba ya aiki a gandun jiha, domin aljihun ba ɗaya ba ne. Na ga wanda ya tsaya a ƙofa yana gardama a kan wannan, motoci sun yi layi a bayansa.

Kada ka ɗauko itacen wuta daga gida. Akwai wani ƙwaro ɗan kore mai huda itace da aka fara ganowa kusa da Detroit a 2002, wanda ya kashe miliyoyin itatuwa, kuma a cikin itacen wuta ya fi yin tafiya mai nisa. Saboda haka New York ta hana a kai itacen da ba a gasa shi don kashe ƙwari ba fiye da mil 50 daga inda aka sare shi. Ka saya a kusa da sansanin.

Uwar Biyu ta amsa:

Salamu alaikum. Malam Tsohon Matafiyi ya gama maganar wuri, ni kuma bari in taɓa maganar kaya da yara, tunda shekara huɗu ke nan muna fita da nawa biyun. Ka gaishe mini da uwargida, ka ce mata ta kwantar da hankalinta, sansanin jiha bai fi ƙarfinta ba.

Kada ka sayi komai mai tsada a fitar farko. Tanti za ka iya ara ko ka yi haya, kuma idan za ka saya, ka sani cewa adadin mutanen da aka rubuta a jikinsa lissafin kwanciya kafaɗa da kafaɗa ne, ba tare da jaka ko ɗaya ba. Ku biyar kuna buƙatar na mutum shida ko takwas. Ku kafa shi sau ɗaya a falo ko a fili kafin ranar, domin mu a karonmu na farko mun isa bayan magariba, muka buɗe buhu, ga sanduna goma sha wani abu, takardar bayani kuma da ƙananan rubutu, maigida yana riƙe da fitilar waya a baki, sauro yana shagalinsa. Sai da maƙwabcinmu na filin gefe ya ji tausayinmu ya zo ya kama mana. Tun daga ranar ba mu sake isa sansani bayan la'asar ba.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne sanyi. Mutum yana barin birni yana gumi, sai ya ɗauka bargo ɗaya ya isa, alhali wajen asuba a kan tudu ko a watan Agusta sai ka ji haƙora suna haɗuwa. Kuma sanyin daga ƙasa yake shigowa fiye da daga sama, saboda ƙasa tana zuƙe ɗumin jikin wanda ya kwanta a kanta. Don haka shimfiɗar soso ko ta hurawa da za a sa a ƙarƙashi ta fi jakar barci mai tsada muhimmanci. Tunda da mota za ku je, barguna na gida sun wadatar, a ƙara wa kowane yaro hula da safa busasshiya wadda ba a sa ta da rana ba. Duk yadda sanyi ya kai, kada a shigar da murhun gas ko garwashi cikin tanti. Iskar da suke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kashe mai barci bai farka ba.

Ni a wurina abin tsoro a dajin wannan yanki ba beyar ba ce, kaska ce. Irin mai baƙaƙen ƙafafu ita take ɗauke da cutar Lyme, wadda ta samo sunanta daga wani gari a jihar Connecticut, maƙwabciyarku, kuma ƙananan cikinsu ba su kai ƙwayar riɗi ba. Ba ta tashi sama, ba ta tsalle, a bakin ciyawa take jira ta maƙale wa mai wucewa. Mukan sa wa yara dogon wando mai haske, a cusa ƙafarsa cikin safa, a hana su kutsawa cikin doguwar ciyawa. Akwai maganin feshi mai suna permethrin wanda ake fesa wa tufafi da takalmi, ba fata ba, a bar su su bushe kafin a sa. Kowane dare kafin barci ina duba su da tocila ɗaya bayan ɗaya: bayan kunne, cikin gashi, hammata, cibiya, bayan gwiwa. Galibi sai kaskar ta yi fiye da yini guda a manne kafin ta sa cutar, shi ya sa duban dare yake da amfani ƙwarai. Idan an same ta, a kama ta da ɗan hantsaki daf da fata a ja a miƙe a hankali, ba a ƙona ta da ashana, ba a shafa mata mai. In kuwa bayan kwanaki ko makonni aka ga jan tabo yana faɗaɗa, ko zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, sai asibiti, a kuma gaya wa likita an je daji.

Akwai kuma wata ciyawa mai yaɗo, mai ganye uku-uku a kowane reshe, wadda man jikinta yake sa ƙaiƙayi da ƙuraje masu ruwa. Ka tambayi ma'aikatan ƙofa su nuna maka hotonta, ka nuna wa yara tun ranar farko.

A wajen tattaki kowane yaro nawa yana da usur a wuya, kuma sun haddace doka ɗaya: wanda ya daina ganinmu ya tsaya cak inda yake, ya busa sau uku, ya saurara, ya sake. Yaron da ya ɓace ya ci gaba da tafiya shi ne mai wuyar samu. Ƙaramin cikinsu ne yake gaba, kowa ya bi takunsa, kuma mukan juya tun yara ba su ce sun gaji ba, saboda dawowar ma tafiya ce.

Ɗan Tattaki ya amsa:

Gaisuwa ga kowa. Ina da ɗan gyara ga Baba Tsohon Matafiyi, da fatan zai yi mini afuwa. Inda aka gayyaci Malam Baban Yara ba ya ƙarƙashin dokar 1964, domin filin jihar New York ne, ba na tarayya ba. Ƙungurmin daji na tarayya guda ɗaya ne tak a jihar, yana tsibirin Fire Island. Gandun Adirondak an kafa shi a 1892, girmansa kimanin eka miliyan 6, kusan rabinsa ma filayen mutane ne da garuruwa, kuma a 1894 aka sa a tsarin mulkin jihar cewa ɓangaren gwamnati zai zauna daji har abada, ba a sayarwa, ba a sare itacensa. Jihar ce daga baya ta ware wasu sassa ta ba su matsayin ƙungurmin daji da dokokinta. Howard Zahniser, wanda ya tsara dokar tarayyar, yana da ɗan gida a Adirondak ɗin, kuma ya rasu watanni kaɗan kafin a sa mata hannu. Na kawo wannan ne saboda yana da amfani a aikace: wanda ya je neman dokokin wurin a shafin tarayya ba zai same su ba, a wajen hukumar kare muhalli ta jihar suke.

Dokokin kuma ba na wasa ba ne. A ɓangaren gabas na manyan duwatsun, inda Marcy yake, ba a hura wuta ko kaɗan, sai girki a ɗan murhun gas. Daga 1 ga Afrilu zuwa 30 ga Nuwamba dole duk mai kwana ya zuba abincinsa a wata gwangwani mai tauri wadda beyar ba ta iya buɗewa. Ba a kafa tanti a inda tsawon dutse ya haura ƙafa 4,000, kuma ayarin masu kwana ba ya wuce mutum takwas. Jami'an daji suna tambaya, suna kuma cin tara.

Duk da haka ba na so a tsorata Malam har ya cire abin daga ransa. Ni ban ga laifi ba idan ya kai iyali sansani a Yuli, sannan shi kaɗai ya bi abokinsa a ƙarshen Agusta, matuƙar kafin nan ya yi tattakin yini sau uku ko huɗu da jaka a baya da takalmin da zai je da shi. Sabon takalmi a doguwar hanya bororo ne kawai. Nauyin jaka kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinsa, kuma ya bar rigar auduga da wandon jins a gida, domin idan sun jiƙe ba sa bushewa, a kan dutse kuma iska tana kaɗawa. Duk ƙafa 1,000 da aka hau zafi yana raguwa da kimanin digiri uku da rabi a ma'aunin Fahrenheit, don haka ana iya barin gindin dutse da shimi a tarar da ƙololuwa tana neman rigar sanyi.

Maganar abinci kuwa a jikina na koye ta. Wata shekara na kwana a wani daji, na rufe komai a gwangwani na kai ta nesa yadda aka ce, amma na manta da ɗan ƙunshin gyaɗa da man goge baki a aljihun jakata, jakar kuma tana jingine a bakin tanti. Wajen ƙarfe biyu na dare na ji numfashi mai nauyi da ƙarar yagewar yadi, tsakanina da abin bai fi kamu uku ba, sai ƙyallen tanti. Na yi ta tafi ina ihu da muryar da ban san ina da ita ba, har na ji ya ja da baya ya shige duhu. Da gari ya waye na tsinci jakar a cikin ciyawa, aljihun a yage, duk yawu. Laifina ne, ba na dabbar ba, kuma abin da ya fi damuna daga baya shi ne sanin cewa beyar da ta saba samun abinci wajen mutane ƙarshenta harbi ne. Duk abin da yake da ƙamshi abinci ne a wurinta, har sabulu da turare da man shafawa. A sansanin mota ma haka ne, komai a kulle a but kafin a kwanta. Beyar ta wannan yanki baƙa ce, mafi yawan lokaci gudun mutum take yi. Idan an haɗu da ita ba a gudu, a tsaya a tattara yara, a ɗaga hannuwa, a yi magana da ƙarfi, a ja da baya sannu a hankali, a bar mata hanyar wucewa.

Baban Yara ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara zumunci. Na karanta wa uwargida amsoshinku, ta yi dariya a kan labarin fitilar waya a baki, ta ce tabbas haka tamu za ta kasance, kuma ta amince da kwana biyu a sansani. Na samu fili daga Litinin zuwa Laraba a mako na uku na Yuli. Labarin Malam Ɗan Tattaki kuwa ban karanta mata shi ba tukuna.

Saura tambaya ɗaya da ta fi damuna idan na bi abokina daga baya. Shi ba Musulmi ba ne, don haka ban san yadda zan tambaye shi ba. Yaya kuke yi da tsarki da alwala a inda babu famfo babu banɗaki? Ruwan da zan iya goyawa ba zai ishi sha da girki da alwala biyar ba, kuma na ji an ce ba a son a yi wanka ko wanki a cikin rafi.

Tsohon Matafiyi ya sake amsawa:

Na karɓi gyaran Ɗan Tattaki, gaskiyarsa ce, kuma na ji daɗin da ya kawo shi.

Malam Baban Yara, ba ruwan kwana biyu ake goyawa ba, domin kowace lita kilo ɗaya ce. A wannan yanki rafuka suna da yawa, abin da ake ɗauka shi ne gora biyu da abin tace ruwa, a riƙa ɗiba a hanya. Sai dai duk yadda ruwan ya yi garai-garai kada ka sha shi haka, saboda akwai ƙwayar cuta mai suna jiyadiya da take shiga ruwa daga kashin dabbobi da na mutane, ba ta nuna kanta sai bayan mako ɗaya ko biyu, ka dawo gida ka rasa abin da ya ɓata maka ciki. Ko a tace, ko a sa ƙwayar magani a jira lokacin da aka rubuta, ko a tafasa shi minti ɗaya cikakke. Na alwala ba sai an tace ba, amma ni nakan kurkure baki da shaƙa hanci da wanda na tace, sauran gaɓoɓi kuma da na rafin.

Ƙa'idar da masu tattaki suke bi ita ce a ɗebi ruwa a tafi da shi, ba a kawo buƙata bakin ruwa ba. Nisan da aka saba faɗa ƙafa 200 ne, wato kimanin taku 70 na babban mutum, daga rafi da hanya da wurin kwana. Dokar New York ta tsaya a ƙafa 150, amma wanda ya yi 200 ya fita daga kowace shakka. Ina da wata gorar roba mai laushi da na keɓe ta zama butata, na ɗaura mata jan zare don kada ta haɗu da ta sha. Idan akwai ɗan masai na katako kusa da wurin kwana, kamar yadda ake samu a wasu wuraren Adirondak, shi za ka shiga. Idan babu, ka ƙirga takunka, ka haƙa rami da ɗan shebur mai zurfin inci 6 zuwa 8, a ƙasa mai baƙi inda ganye ya ruɓe, ka yi tsarki a kan ramin, ka mayar da ƙasa ka rufe da ganye. A wannan fanni mu masu amfani da ruwa mun ma fi sauƙi, domin ba mu bar takarda a baya ba. Sabulu kuma, ko wanda aka rubuta cewa ba ya cutar da muhalli, ba a sa shi a rafi.

Lita ɗaya tana isata alwala biyu idan na yi tattali. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli ka tambayi malaminku kafin ka tashi, tunda daga birni zuwa can tafiyar kusan awa biyar ce a mota. Alƙibla daga wannan yanki arewa maso gabas take, kimanin digiri 58 daga arewa ta gaskiya, amma allurar kamfas tana karkata yamma da kimanin digiri 13, don haka a jikin kamfas ɗin wajen 71 za ka nema. Ka rubuta lambar a bayan taswirarka, saboda manhajar waya tana iya ƙin aiki inda babu sabis.

A sansanin Yuli kuma ka tuna cewa daga ƙarfe 10 na dare lokacin shiru ne har safiya, asuba kuwa wajen ƙarfe huɗu take yi, kuma ƙyallen tanti ba ya tare sauti. Ka cika buta tun da dare, ka ajiye takalmi da fitilar goshi a bakin ƙofa ta ciki, ka shimfiɗa leda a ƙarƙashin darduma, domin a wannan lokacin raɓa ta riga ta jiƙa ciyawa sharkaf.